Dusar da Muke Zuba wa Akuya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

  Ina gaida mutanen Tebaram da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ina gaida na Takanamat da Afala da Barmu da Kalfu da Bambay, da ku mutanen birnin Tawa. Gaisuwa ga makiyayin da ya rataya rediyo a kafaɗa yana bin garke, da uwar gidan da ke saurarenmu tana gyaran wuta, da 'yan uwanmu da suka tafi bida Abijan ko Libiya ko Aljeriya, waɗanda za a tura wa wannan magana ta waya.

Yau shirinmu na kiwon lafiya a tsakar gida zai tsaya, a bakin turmi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar ya san sautin da ke tashe shi da asuba. Inna ta auno gero a tiya, ta zuba a turmi, ta yayyafa ruwa, ta kama surfe. In ya surfu ta juye a faifai ta bakace, tsabar ta koma gefe, dusa ta koma gefe. Ta wanke tsabar, ƙasarin ya tafi kwatarniyar dabbobi, dusar ma ta bi shi. Akuya ta sha ta ƙoshi, gashinta ya yi sheƙi, ragon layya ya yi ƙiba. Kowa ya san dusa na gyara dabba, shi ya sa ake sayenta da kuɗi a kasuwa. Tambayar da na zo da ita yau ita ce: wannan abin da ke gyara akuya, mu me muka rasa da muka raba shi da tuwonmu gaba ɗaya?

Kafin wani ya kashe rediyonsa, bari in faɗi abin da na san yana ransa. A ƙasar nan cin dusa ba magana ce mai daɗin ji ba. Dattawanmu sun ga yunwar 1973 da 1974, sun ga ta 1984. Da yawanmu mun ga ta 2005 da idonmu, lokacin da mata ke shiga daji tsinkar anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, lokacin da wasu gidaje suka dafa dusa saboda babu tsaba. Wanda ya ga wannan, in ka ce masa dusa na da amfani, sai ya ji kamar kana tona masa miki. Allah ya kiyaye mu da sake ganin irin waɗannan shekaru. Ba na cewa kowa ya ci dusa a madadin tuwo. Maganata a kan wanda Allah ya hore wa hatsi a rumbu ce, ko kuɗin cefane a aljihu: yaya zai sarrafa abin da ya samu don jikinsa ya amfana?

A cikin duk abin da ƙasa ta tsiro, hatsi ne ko wake ko ganye ko 'ya'yan itace, akwai wani sashe da cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suna kiransa fibur. Da Hausa ana cewa harza. Ita ce dusar gero da ta dawa, ita ce ɓawon wake, ita ce zaren da ke maƙale maka a haƙori in ka sha mangwaro ko ka gaigayi goruba, ita ce tuƙar da ke saura a baki in ka tauna aya. Nama ba shi da ita ko kaɗan. Nono da cuku da ƙwai da mai da sukari, duk babu. Ban ce waɗannan ba su da amfani ba, kowanne da aikinsa a jiki. Amma harza sai a tsiro.

To abin da ba ya narkewa, ina amfaninsa? Nan ne hikimar Ubangiji take.

Harza iri biyu ce. Akwai mai kaushi, wadda ba ta narkewa a ruwa, kamar dusa da ɓawo da jijiyar ganye. Ita wannan tana bi ta hanji tana tsotsar ruwa kamar soso, ta kumbura, ta sa bayan gida ya yi yawa ya yi laushi, ya fita ba tare da yunƙuri ba. Akwai kuma mai yauƙi, wadda ke narkewa a ruwa ta yi kauri. Iyayena mata, kun fi ni saninta: ita ce ke sa miyar kuɓewa ta ja zare, ita ce kaurin miyar kuka, ita ce santsin lalo da karkashi. Akwai ta a cikin wake ma. In ta shiga ciki sai ta lulluɓe abincin, ta rage masa gudu. Sukarin da ke cikin tuwo, maimakon ya afka cikin jini lokaci guda kamar ruwan kwazazzabo bayan an yi ruwan farko, sai ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan, kamar ruwan da aka tare da jerin duwatsu a gona ya tsaya ƙasa ta sha. Manoman Keita da Badagishiri sun san abin da nake nufi. Haka kuma wannan yauƙin yana kama wani sashe na ruwan maɗaciya a cikin hanji ya fita da shi, sai hanta ta ɗebi kitsen da ke yawo a jini, wanda ake kira kolestarol, ta ƙera sabon ruwan maɗaciya da shi. Ta haka kitsen da ke toshe hanyoyin jini yake raguwa.

Sai wani amfanin kuma, wanda ni ya fi ba ni mamaki. A cikin babban hanjin kowannenmu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, yawansu ya wuce lissafi. Da mun ji an ce ƙwayoyin halitta sai hankalinmu ya tafi ga cuta, alhali mafi yawan waɗannan masu yi mana aiki ne. Abincinsu shi ne harzar da cikinmu ya kasa narkarwa. In sun ci, sai su fitar da wasu sinadarai da bangon hanji ke rayuwa da su, su ƙarfafa shi, su rage masa kumburi. Wato ka ce garke ne a cikin cikinka, kai ke ba shi harawa, shi kuma yana ba ka nono. Ranar da ka ci farar shinkafa da safe, taliya da rana, burodi da shayi da dare, kai ka ƙoshi, amma garken nan ya kwana da yunwa.

(Gajeren kiɗa)

Masu saurare, wannan ilimi a nahiyarmu aka tsinto shi. Akwai wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ayalan mai suna Denis Burkitt. Ya je Yuganda a 1946, ya yi kusan shekara 20 yana aiki a can, galibi a asibitin Mulago da ke Kampala. Ya lura cewa cututtukan da suka cika asibitocin Ingila, irin su sankarar babban hanji da ciwon afendis da tsakuwar maɗaciya, da wuya ya gan su a jikin mutanen karkara da ke zuwa wurinsa. Ya shiga bincike, har ta kai shi da abokan aikinsa ga auna bayan gidan mutane a sikeli. A sakamakon da suka buga a 1972, na mutumin ƙauye a Afirka ya ninka na Baturen Ingila fiye da sau 3 a nauyi, kuma abinci ya fi saurin ratsa cikinsa ya fita. Burkitt ya ce bambancin daga abinci ne: Bature ya tace garin alkamarsa har ya yi fari fat, ya zubar da dusar, mutumin ƙauye kuwa yana cin hatsinsa da wakensa da ganyensa kusan yadda suka fito daga gona. Gaskiya ne mutanen karkara a wancan zamani ba su cika zuwa asibiti ba, kuma da yawa ba sa kaiwa shekarun da waɗannan cututtuka suka fi kama mutum. Masana sun yi masa wannan gyara. Amma ginshiƙin maganarsa ya tsaya, binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa shi.

Ga wanda ya fi kusa da mu. A 2010 wasu masana 'yan Italiya suka buga binciken da suka yi a wani ƙauye mai suna Bulpon a Burkina Faso, maƙwabciyarmu. Sun duba hanjin yara 14 na ƙauyen, suka gwada da na yara 15 na birnin Fulorans a Italiya. Me yaran Bulpon ke ci? Gero, dawa, wake, miyar ganye. Abincin Tebaram ke nan, babu ragi babu ƙari. Aka tarar cikinsu na ɗauke da ire-iren halittun nan masu narkar da harza, har da waɗanda babu su sam a cikin yaran Italiya, kuma sinadaran nan masu ciyar da bangon hanji sun fi yawa a jikinsu.

A 2015 kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji: baƙaƙen fata 20 na birnin Pittsburgh a Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu suka yi musayar abinci na mako 2 kacal. 'Yan Amurka suka koma cin masara da wake da ganye, 'yan Afirka suka koma cin soyayyen nama da abinci mai maiƙo marar harza. Cikin kwana 14 alamun kumburin hanji suka ragu a jikin 'yan Amurka, suka ƙaru a jikin 'yan Afirka. Mako biyu fa, jama'a.

Sannan a 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban nazari da masanan jami'ar Otago ta ƙasar Niyuzilan suka yi, inda suka tattara bincike 185 da gwaje-gwajen asibiti 58. Sun ga cewa waɗanda suka fi cin harza, in an gwada su da waɗanda suka fi ƙarancin cinta, haɗarin mutuwar wuri da na ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon sukari da sankarar babban hanji ya ragu musu da kimanin kashi 15 zuwa 30 cikin 100. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida: babban mutum ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana daga abinci, tare da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Yaro mai shekara 2 zuwa 5 giram 15, mai 6 zuwa 9 giram 21. Shekarar 2023 ɗin ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe sukutum don girmama gero da danginsa. Geron nan dai da wasu 'ya'yanmu ke jin kunyar a ce shi suka ci.

Wannan kunyar ita ce ta fi damuna. Ina da wani kawu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi shekaru yana bida a bakin teku. Da ya dawo gida ya gina ɗaki na siminti, ya ce shi da tuwon gero sun yi hannun riga. Da safe burodi da shayi mai sukari cokali huɗu, da rana shinkafa da mai, da dare makaroni. In aka kawo masa fura sai ya ce a kai wa yara. Ya daina zuwa gona, sai zama a ƙofar shago. Mu duka muna ganin hutu ne ya samu, har ana cewa jikinsa ya yi kyau. Bayan 'yan shekaru ya fara yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ya rame, wani ɗan ƙurji a ƙafa ya ƙi warkewa. Aka auna jini, aka ce ciwon sukari ne. Ban ce abinci kaɗai ya jawo masa ba, akwai gado, akwai zaman wuri ɗaya, akwai ƙaddara. Amma abin da ma'aikacin lafiya ya ce ya koma ci, shi ne dai abin da ya raina: tuwon gero ko na dawa daidai misali, miyar kuka, wake, zogale. Yau da bakinsa yake cewa, "Ashe magani na bari a gida na tafi nema waje."

Irin kawuna suna da yawa. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke da wannan ciwo a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Ta yi hasashen za su kai miliyan 55 a 2045. Ku shiga kowane shago a Tawa ku duba: buhunan farar shinkafar waje, katan-katan na taliyar da ke shigowa daga Aljeriya, biskit, lemun kwalba. Ba haramun ba ne, kuma na san dalilin da ya sa uwar gida ke son su. Taliya minti goma ta dahu, ba surfe, ba daka, ba ta cin itace, ga itace ya yi tsada, ga hannu ya gaji. Duk wanda ya taɓa riƙe taɓarya ba zai zargi mace a kan wannan ba. Amma a san abin da ake saya. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 ba ta kai giram 1 na harza ba. Ɗanyen wake giram 100 yana da kusan giram 10. Geron da ba a surfe ba shi ma yana kusa da haka. Dabino yana da giram 7 zuwa 8. Garin 'ya'yan kuka kuwa, wanda yara ke tsotsa suna wasa, kusan rabin nauyinsa harza ce.

Ku dubi wake. Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, Najeriya kaɗai ke gabanta. Da kaka muna ganin manyan motoci na lodinsa suna yin kudu. Manomi ya sayar da wakensa da araha lokacin da kasuwa ta cika, ya sayi shinkafa da kuɗin. Na san buƙata ce ke sa haka, ga bashi, ga biki, ga tufafin yara. Amma maigida, don Allah in ka auna na sayarwa, ware 'yan tiyoyi na gida, a adana su da kyau kada ƙwari su cinye. In za a dafa shinkafa, a haɗa ta da wake, kuma waken ya zama ana ganinsa, ba ƙwaya ɗaya nan ɗaya can ba. In za a dafa taliya, a watsa mata zogale ko kabeji ko yakuwa, a yanka albasa da yawa, tunda mu ke da albasar Galmi da ake nema har ƙasashen bakin teku. Ɗanwake da aka kwaɓa da garin wake da kuka abinci ne na kirki. Dambun zogale haka, kwaɗon rama da tafasa da ƙuli-ƙuli haka, dafaffiyar gujiya haka.

Mu koma bakin turmi. Inna, ba na ce ki daina surfe ba. Roƙona shi ne a sassauta. A yi surfe ɗaya marar tsanani wanda zai cire ƙaiƙayi da datti, kada a yi ta maimaitawa har tsabar ta koma fara tas. In inji ake kai wa, a gaya wa mai injin kada ya murje ta da yawa. In an tankaɗe gari, tsakin da ya saura a rariya kada a raina shi, a mayar turmi ko a yi dambu ko fate da shi. Tuwon zai ɗan yi duhu, furar za ta ɗan yi kaushi a harshe, amma za ta daɗe a ciki, mai noma ya kai azahar bai ji yunwa ba. A rage sukarin da ake zuba wa fura da kunu. Kakanninmu da nono suke damawa su sha, ba su san sukari a fura ba.

Ga kuma abin da daji ke ba mu kyauta: magarya da akurin da ake yi da garinta, aduwa, kanya, ɗinya, goruba, tsamiya. Yaron da aka ba dala biyar ya sayi alewa, da magarya ya saya da ta fi masa. Mangwaro da lemun zaƙi da gwaiba, a ci su da naman jikinsu, domin in an matse ruwan an zubar da tuƙar, an sha sukarin ne an yar da harzar.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu ga wata magana da ba a son yi a bainar jama'a, amma likita ba ya kunya, mai faɗakarwa ma bai kamata ya yi ba. Ranar Lahadi in ka shiga kasuwar Tawa, ko kowace kasuwar ƙauye, za ka ji lasifikar mai maganin basir, kuma za ka ga maza sun kewaye shi. Kusan kowa na kukan basir. Abin da likitoci ke kira basir jijiyoyin jini ne da ke kumbura a bakin dubura, kuma cikin manyan abubuwan da ke kawo shi akwai taurin bayan gida da yawan yunƙuri da daɗewa a tsugune. Mutum ya yi kwana uku bai zaga ba, ya sha filasko ko wani jiƙo ya yi gudawa, ya ce ya wanke ciki, bayan mako guda ciki ya sake ƙullewa. Ya kashe jikka biyu, jikka uku, ciwo na nan. Alhali da ya gyara abin da ke shiga tukunya, ya yawaita shan ruwa, da yawa daga cikin wannan wahala ta kau. Matasa masu shan taramol don ƙarfin aiki, ku sani cikin illolinsa har da ƙulle ciki, ban da sauran ɓarnar da ya fi wannan muni.

Amma ku saurara da kyau a nan. Ba duk jinin da ya fito ta dubura ne basir ba. In mutum na ganin jini a bayan gida, ko bayan gidan ya koma baƙi kamar kwalta, ko yanayin fitarsa ya canza makonni bai daidaita ba, ko yana ramewa ba dalili, musamman wanda ya haura shekara 45, wannan ba na mai lasifika ba ne, ba kuma na miyar kuka ba ne. Ya je asibitin da ke kusa da shi, in sun ga abin ya fi ƙarfinsu su tura shi babban asibitin Tawa. Haka wanda cikinsa ya kumbura yana amai, ba bayan gida ba tusa, kada a ɗura masa komai, a ɗauke shi a tafi a daren.

Harza kuma ba ta aiki sai da ruwa. Na san a arewacin Adar ruwa ba abin wasa ba ne, na san zurfin rijiyoyinmu da nisan da mata da jakuna ke yi kafin a cika jarka. Duk da haka, wanda ya ƙara cin wake da dusa bai ƙara shan ruwa ba, cikinsa na iya ƙara ƙullewa, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, balle kuma da azumi. A sha tsakanin buɗa baki da sahur, a sha kafin a fita gona. Kuma wanda ya daɗe bai saba ba, kada ya tashi rana ɗaya ya cika ciki da wake, zai sha kumburi da iska ya ce mun yaudare shi. A ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku, ciki zai saba. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa shi ya yi luguf. A rage kanwa, domin yawanta na kashe wasu sinadaran gina jiki da ke cikin waken. Salak da tumatir da karas da ke zuwa daga lambunan Tabalak da Konni, in za a ci ɗanye a wanke su sosai da ruwa mai tsabta, kada garin neman lafiya a ɗauko zawo ko taifot. Hatsin da ya yi fumfuna ko ya canza wari, wannan dusarsa ba ta ciwuwa, gubar fumfuna a bayan tsaba ta fi taruwa, kuma tana lalata hanta.

Sai maganar ƙananan yara, kuma ina roƙon iyaye mata su riƙe ta fiye da duk abin da na faɗa. Jariri daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba ya buƙata. Daga wata 6 zuwa shekara 2, cikinsa ƙarami ne, abin da yake nema abinci mai ƙarfi ne a ɗan ƙaramin ƙoƙo: kunu mai kauri da aka haɗa da garin wake ko na gyaɗa, da ɗan mai, da ƙwai ko kifi ko hanta in an samu, da ɗan garin zogale, ga nono yana ci gaba. Kada a cika masa ciki da dusa. Dusa na ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ƙarfen da jiki ke yin jini da shi, ya hana shi shiga jiki yadda ya kamata, ga shi ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin yaranmu da matanmu. Dabarar rage wannan tana hannunku tun kaka da kakanni: jiƙa gero ya kwana, barin ƙullu ya yi tsami kamar na koko, ko tsirar da hatsi kafin a niƙa. Ɗan tsamin lemo ko tsamiya ko kuka a cikin abinci shi ma yana taimaka wa ƙarfen ya shiga jini. Akwai ma irin gero mai suna Chakti da aka fitar a Nijar a 2018, aikin masanan cibiyar ICRISAT da ta INRAN, wanda ya fi geron da muka saba yawan ƙarfe, kuma yana nuna da wuri. Manomi na iya tambayar malamin gona. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja, wannan shirin ba maganinsa ba ne, a kai shi awo.

Mai juna biyu da ake ba ƙwayoyin ƙarin jini a wurin awo, sau da yawa suna taurara bayan gida. 'Yar uwa, kada ki daina sha saboda haka. Ki ƙara ganye da wake da ruwa, ki gaya wa ungozomar asibiti. Baba da Inna da haƙora suka zube, a dafa musu ganye da wake su yi laushi, a murje, miyar kuka da kuɓewa kuwa ba sa neman haƙori. Mai ciwon sukari ko hawan jini da ke kan magani, gyaran abinci abokin maganin ne, kada ya ajiye ƙwayoyinsa don ya koma cin gero. Mai ciwon ƙoda kuwa ya tambayi likitansa kafin ya yawaita wake da ganye da dabino.

Lokaci ya kusa cimma mana. Maigida, kai ke fita kasuwa. Wannan makon, cikin kuɗin da ka saba sayen taliya da sukari, cire wani abu ka sayo wake tiya guda da ƙullin kuka da busasshen zogale. Uwar gida, gobe da asuba in kin zuba gero a turmi, ki tsaya a surfe ɗaya. Ku gwada haka har mu sake haɗuwa, ku aiko mana da abin da kuka gani a jikinku da na iyalinku, za mu karanta a shiri na gaba. Wanda kuma ya ji alamun nan da na lissafa a jikinsa, jini a bayan gida, ko yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko miki da ya ƙi warkewa, kada ya jira shiri na gaba, ya je a auna shi gobe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da matafiyanmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)